Jan Zare a Matashin Datti

Allura na shiga tana fita, idon Amatullahi kuwa na kan ƙaramin kwalin da ta jingina a taga. Hoton wani dutse ne a jikinsa, hazo ya rufe masa kai kamar duwatsun Jos da safiyar damina, ga wani tsoho mai farin gemu yana murmushi. A ƙasa akwai rubutun Sinanci, haruffa huɗu da jan tawada. Su take kwaikwaya da jan zare a rigar matashin mijinta, Datti.

Datti ya shekara shida yana fama da ciwon suga. A motar haya ya sayo kwalin maganin, kan Titin Bauchi, hannun wani mai jaka da ya fi maroƙi zaƙin baki. Tun ranar ya yi sallama da ƙwayoyin asibiti.

"Malam, wai me aka rubuta a nan?"

"Lafiya da tsawon rai, in ji mai maganin. Ba an ce a nemi ilimi ko da a birnin Sin ba? To ga shi ya biyo mu har Gada Biyu."

Ta yarda. Rubutun da aka sha wahalar zanawa haka, kowane harafi kamar ɗaki da tagoginsa, ai ba za a ɓata shi a kan ƙarya ba. Kullum safe takan jiƙa masa garin maganin a kofi, ta zuba wa tururin ido, tana hango su biyu sun tsufa a gindin dutsen nan, Datti ya tara gemu irin na tsohon.

*

Bayan wata huɗu ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ɗauke. Aka kwantar da shi a asibiti, likita ya ce ƙoda ce. Ya karɓi kwalin, ya juya gaba ya juya baya, ya miƙo mata: duk asibitin babu mai karanta shi. Mai jaka kuwa ko ƙurarsa.

Bayan an sallamo su, maƙwabcinsu Anayo ya shigo dubiya. Kayan lantarki yake sarowa daga ƙasar Sin, shekara bakwai ke nan yana zuwa. Ya tarar Datti na barci, rabin fuskarsa a kan matashin. Ya daɗe yana kallon jan zaren.

"Madam, ina ka samu wannan rubutu?"

Ta nuna masa kwalin, har da ɗan alfaharinta na mai ɗinki.

"Oga yana sha wannan?"

"Safe da yamma."

Anayo ya cire hularsa. "Ni ban iya karatun su sosai ba. Amma wannan huɗu na san shi, yana jikin kaya da yawa. Ya ce kar a sha."

Ba ta yi kuka ba. Kunya ce ta fara kama ta, sannan baƙin ciki. Kwana tara ta yi tana ɗinka gargaɗin nan, tana gyara kowace ƙafar harafi don kada ta karkace.

*

Da Anayo ya fita, ta sa hannu a hankali za ta zare matashin. Datti ya motsa, ya riƙe gefensa da kumburarrun yatsunsa.

"Bar min shi," ya ce, ido a rufe. "In ba a kansa ba, ba na samun barci."

Ta sake shi. Ta gyara masa kai, kuncinsa ya koma daidai kan harafin farko.