Ranar da Inna Ta Daina Kiran Sunansa

Innarmu, Dela, ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba, saboda alkunya. Falalu aka raɗa masa, amma a bakinta "wancan yaron" ne, har bayan da ya ɓace a kasuwar Kazaure yana ɗan shekara uku, tun ba a haife ni ba.

Bara sai ga wani mutum da furfura a gemu ya yi sallama a gidanmu na Roni. Ya ce sunansa Kashim, daga Babura. Wani ɗan kasuwa ne ya tsince shi yana kuka a tashar mota, ya yi cigiya har ya gaji, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Da mariƙin nasa ya rasu, sai ya shiga bin gari-gari yana tambayar gidan da yaro ya taɓa ɓata.

Ni dai ban yarda ba. Wasu sun zo kafin shi da irin wannan labari, kuma duk wanda ya tafi sai Inna ta kwanta ciwo. Na ce wannan karon a je Kano a yi gwajin ƙwayar halitta. Likita ta goga musu auduga a cikin kumatu, ta ce kowane ɗa rabin gadon jikinsa na uwa ne, rabi na uba. In nata ne, za a ga rabinta a jikinsa.

"Ikon Allah," in ji Inna, "yanzu yawu ne zai yi shaida?"

Kafin sakamako ya fito, duk Juma'a sai Kashim ya zo a babur. Inna ta sake da shi ƙwarai. "Kashim, matso ka ci ɗanwake." "Kashim, wannan hular taka ai ta nemi hutu." Hira da dariya har ni na fara jin kishi, ga kuma tsoron ranar da za a ce ba shi ba ne.

Ranar da likita ta bugo waya muna tsakar gida, Inna tana ɓarar gyaɗa. Na ƙara murya kowa ya ji.

"Hajiya, ɗanki ne. Babu shakka."

Kashim ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Inna."

Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe kai, ta juya masa baya. Ya dube ni, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Saude, ko na yi wani laifi ne?"

Ban kai ga amsawa ba Inna ta yi magana, fuskarta na kallon bango.

"Ke, kin tsaya kin zuba mini ido. Tashi ki ba wancan yaron ruwa, ya sha hanya."

Na ɗebo ruwan ina kuka ina dariya, rabi ya zube a hanya. Na durƙusa na miƙa masa.

"Ga shi, Yaya."