Finjalin da Turki Bai Girgiza Ba

Ni dai ban taɓa riƙe bindiga ba, amma da za a yi jarrabawa a kan ƙaramar bindigar Mish'al, da na ci. Shekara biyu ina shan labarinta ta ƙofar kicin, kowace Juma'a bayan la'asar, ina tsaye ina dafa gahawa.

Mish'al shi ne Balaraben da muke wa aiki a Rusaifa, ni da mijina Rabe. Ni ina kicin, Rabe yana ɗakin baƙi, shi ke zuba musu gahawa. Daga Jibiya muka zo umara shekara goma sha tara da suka wuce, muka yi zamanmu, a nan Makka muka haifi Jannatu. Iƙama kuwa, wato takardar zama, ba mu taɓa riƙe ta ba. Mai irin zamanmu ya san titin da ba ya bi, ya san ƙofar da ba ya shiga, kuma babbar cikinsu ita ce ƙofar asibiti.

Bindigar baƙa ce, ba ta wuce tafin hannu da 'yan yatsu ba, irin wadda ake cusa mata gidan harsashi ta ƙasan mariƙi. Yana da lasisinta, yana kuma ji da ita fiye da yadda yake ji da motarsa. Abokin musunsa ɗan baffansa ne, Turki, wanda ya taɓa mallakar irinta ya sayar. Turki ya ce ta cije masa sau biyu a wurin koyon harbi, ƙura kaɗan ta shiga sai ta yi gardama. Mish'al ya ce ƙarya ne, harsashi mai arha ya ɗura mata, shi tasa ba ta taɓa ƙin tashi ba ko sau ɗaya. Haka za su yi ta yi, manya da su, da gemu da tumbi, har a kira magariba. Babu wanda ya taɓa saukowa daga kan bakansa.

Zuba gahawa a gidan Larabawa yana da ƙa'ida, kuma Rabe ya iya ta har ya fi 'yan ƙasa. Butar a hannun hagu, finjali a dama. Ka zuba ɗan kaɗan, ka miƙa, ka tsaya a gaban baƙon. In ya shanye ya miƙo, ka ƙara. Ba ka gusawa, ba ka zama, ba ka magana, sai ya girgiza finjalin, alamar ya ƙoshi. Rabe yana alfahari da wannan tsayuwa. Na sha tsokanarsa cewa ko gini zai faɗo masa ba zai matsa ba sai an girgiza, ya yi dariya ya ce ai da ita muke cin abinci.

Ran nan musun ya yi zafi, Mish'al ya tashi ya ɗauko ta. Ina leƙe ta labule. Ya zare gidan harsashin ya ajiye kan tebur kusa da dabino, ya miƙa wa Turki bindigar.

“Ga ta nan, babu komai ciki. Ja kunamar ka ji laushi, sannan ka zo ka faɗa mini irinta ce ka sayar.”

Turki yana riƙe da finjalinsa a hannu ɗaya, ya shanye amma bai girgiza ba, bai kuma miƙo ba, hankalinsa yana kan musu. Rabe yana tsaye a gabansa da buta. Na ga bakin bindigar yana yawo, ya nuna kafet, ya nuna tebur, ya nuna ƙafafun mijina. Na ga Rabe ya kalle ta, ya kalli finjalin, bai motsa ba. Ni ma ban yi magana ba. Mai aikin kicin ba ta ɗaga murya a ɗakin maza, kuma ai maigida ya ce babu komai ciki.

Ashe akwai ƙwaya ɗaya da ta riga ta hau ciki, wadda cire gidan harsashi ba ya fitar da ita. Wannan ma daga baya na ji, daga bakinsu.

Turki ya ja kunamar, ƙarar ta toshe mini kunne. Rabe ya zauna daɓas, butar tana hannunsa, gahawa tana zuba a kan rigarsa. Harsashin ya same shi a ƙwaurin hagu, ƙasan gwiwa kaɗan.

Ba zan yi wa Mish'al ƙarya ba, ya gigice. Ya cire rawaninsa ya ɗaure ƙafar da hannunsa, yana salati, hawaye na zuba. Shi ya fara cewa a tafi asibiti. Rabe ne ya riƙe masa hannu.

“La, ya Ammi, a'a, maigida. In an ga harbi sai an kira 'yan sanda. In sun zo sai sun ce ina iƙama.”

Mish'al ya janye maganar asibiti. Shi ma ya san abin da ke jiran wanda ya ajiye ma'aikaci marar takarda, ga kuma lasisin bindigarsa. Na ga sauƙin da ya sauka a fuskarsa lokacin da Rabe ya faɗi haka, kuma shi ne abin da har yau na kasa yafewa.

Suka kai mu gida unguwar Hindawiyya a bayan mota, suka ɗauko Taha, wani ɗan Sudan da ya taɓa aikin jinya a ƙasarsu, yanzu yana tsaron shagon magani. Taha ya wanke ciwon, ya naɗe, ya ba da ƙwayoyi. A bakin ƙofa ya ce mini, “Hajiya, ƙashi ya fashe. Wannan ba aikina ba ne, aikin tiyata ne. Ku kai shi yau.”

Na koma ciki na durƙusa gaban katifa. “Baban Jannatu, ka bari a kai ka. Ƙafa ce fa.”

“In an kai ni, tarhil za a yi mana, Hure, a kore mu daga ƙasar mu duka. Ki dubi yarinyar nan. Mi za ta yi a Jibiya? Ko gaisuwa ba ta iya ba da Hausa.”

Jannatu tana raɓe a jikin bango, shekararta goma sha shida, ta ji sunanta ta ɗago. Da Larabci ta tambaye ni me babanta ya ce. Na ce cewa ya yi ta kawo ruwa.

Kwana uku yana cewa da sauƙi. Na huɗu zazzaɓi ya rufe shi. Na biyar ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, yatsun suka fara duhu. Na shafa zamzam, na shafa man habbatus sauda, na yi duk addu'ar da na sani. Taha ya dawo ya kwance bandejin, ya kau da kai, ya mayar da shi. Ɗakinmu ɗaya ne, taga ɗaya, warin ya kama har labule. Maƙwabta suka riƙa shigowa suna sannu, kowa ya san maganin, kowa kuma ya san dalilin da ya sa ba a faɗinsa, don duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Ran Juma'a, kwana bakwai cif, na ɗauki abayata na tafi Rusaifa. Na yi niyyar roƙon Mish'al ya kai Rabe da kansa, ya tsaya masa, ko akwai wanda ya sani da zai rufa asiri. Na shiga ta ƙofar baya kamar kullum. An canza kafet. Wani mutum da ban sani ba yana tsaye da butar Rabe, daidai inda Rabe ke tsayawa. Kuma wallahi zancen da suke yi ke nan.

“Ni fa ban ce ta tashi da kanta ba,” in ji Turki. “Na ja, ta tashi.”

“To ka gani!” in ji Mish'al. “Ƙwaya ɗaya, wata nawa tana ciki, ba mai, ba shara, taɓawa ɗaya ta fita. Taka da ka sayar za ta yi haka?”

Turki ya ce gaskiya a nan kam ba shi da ta cewa, bindigar ba ta da laifi. Shekara biyu suna musu, ranar suka shirya. Na koma kicin na jira shi.

Da Mish'al ya fito na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya saurara, kansa a ƙasa. Ya ce in yi haƙuri zuwa Lahadi, akwai wani likita da yake nema a waya bai samu ba. Ya sa aka ƙullo mini shinkafa da nama. Na karɓa, don ban san yadda ake ƙin karɓa a gidan nan ba.

Na iske Rabe bai san wanda ke kansa ba, yana kiran sunan yayarsa da ta rasu tun muna gida. Ban jira Lahadi ba, ban kuma shawarci kowa ba. Na miƙa wa Jannatu waya na ce ta kira motar asibiti, ita ce mai Larabcin da za a gane. Ta kalle ni, ta san abin da kiran yake nufi, ta kira. Kafin su iso na zuba masa riga da hula da takalmansa a leda.

Washegari da hantsi likita ya fito ya same ni a baranda. Ya ce Rabe zai rayu. Ya ce sun cire ƙafar daga gwiwa, kuma da ranar farko aka kawo shi, da ƙafarsa zai koma gida. Bayansa wani jami'in 'yan sanda ne da littafi, mai ladabi, har kujera ya ja mini. Ya tambayi inda abin ya faru, na faɗa. Ya tambayi irin bindigar, na kwatanta masa yadda na sha ji. Ya gyaɗa kai yana rubutu, ya ce ya san ta, mai kyau ce, ba ta cijewa. Sannan ya buɗe sabon shafi ya ce in ba shi iƙamata da ta mijina da ta yarinyar.

Na buɗe ledar da ke cinyata kamar mai nema, alhali na san abin da ke ciki. Riga ce da hula, da takalman Rabe guda biyu.