Ɓangaren Hagu na Averla

A kan milimita goma sha huɗu, abin da bai kai faɗin ɗan yatsa ba, Farfesa Ludovico Ghiglione ya tsaya a tsakiyar garejin Nives Pautasso yana cewa a yanke rabin mota. Ya faɗi maganar cikin ladabi, hannunsa ɗaya a aljihu, kamar mai cewa a rage gishiri a miya. Ladabin ne ma ya fi ƙona wa Nives rai.

Motar ita ce Averla. Guda ɗaya tak kamfanin Rostagno ya ƙera, don baje kolin motoci na birnin Torino a Italiya a shekarar 1968, ba don wani ya saya ya hau ba. Ta yi kwana goma sha biyu mutane na tururuwar kallonta, daga nan ta ɓace, kamfanin ma ya bi ta bayan 'yan shekaru. Sai bara aka tsinto ta a ɗakin ajiyar ciyawa na wani manomi kusa da Saluzzo, kaji sun mayar da kujerar direba wurin saka ƙwai. Dottore Amedeo Brusasco, mai kamfanin cakulan, ya saye ta ya kawo wa Nives, domin kowa a sana'ar ya san mahaifinta, Secondo Pautasso, yana cikin waɗanda suka buga bodinta da guduma.

Kowa ya sani, amma ba wanda ya rubuta. Littattafai biyar Nives ta karanta a kan motar, duka sunan mai zane kawai suke kawowa, sai ka ce alminiyam ɗin da kansa ya lanƙwashe don ganin girman fensir. A ƙarƙashin hoton Averla ta tashi, yana rataye a falonsu saman rediyo, kuma tun tana 'yar firamare take jin haushin abin. Shi ya sa wata takwas ɗin nan ba gyara kaɗai ta yi ba. Ta bi matar mai ɗaukar hoton kamfanin har gidan tsofaffi, ta tono takardar kwastan ta ranar da aka kai motar Geneva aka dawo da ita, ta sha kofi mara daɗi a gidajen mutum tara don jin wa ya sayar wa wa. Burinta ɗaya, in an kai motar gasar tsofaffin motoci ta bakin tafki a watan Mayu, a ga sunan babanta a allon da za a kafa gabanta.

"Sinyora, na'ura ba ta ƙarya," in ji Farfesa, wanda Dottore ya ɗauko don ya ba motar shaidar asali. Ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa. "Dama ta yi daidai da zanen asali. Hagu kuwa, nan saman tayar baya, ta kumbura da goma sha huɗu. Wani ya buge ta a wani lokaci, wani ɗan koyo ya lallaɓa. A cire, a yi sabo irin na dama."

"Farfesa, ka taɓa riƙe guduma?"

"Na rubuta littafi uku a kan..."

"Ban tambaye ka biro ba. Mutum biyu ke bugun bodi, ɗaya dama ɗaya hagu, kowa da kututturen da yake bugu a kai, kowa da idonsa. Duk motar da aka buga da hannu a garin nan, ka auna ta ka gani ko za ta zo daidai. Ni na kankare fentin nan da hannuna. Babu walda, babu faci, ƙarfen ɗaya ne tun daga fitila har wutsiya."

"Biyu ko uku na yarda. Ba goma sha huɗu ba."

Dottore Brusasco mutum ne da ba ya son hayaniya, musamman in shi ya tara masu yin ta. Ya ɗaga hannuwa biyu.

"Me ya kawo gardama alhali muna da mai shaida da ransa? Sinyora, ki kawo mana baba gobe. Abin da ya faɗa, shi za a yi."

Nives ta kusa yin dariya don daɗi. Washegari da safe ta je ɗaukar tsohon a gidansa na Borgo San Paolo, ta tarar har ya ɗaura wa wuyansa lakatayen da rabonsa da shi tun jana'izar mahaifiyarta. Shekarunsa tamanin da uku, kunne ɗaya ya daina aiki saboda ƙarar guduma, amma bayansa a miƙe yake. Tun da aka kawo motar take roƙonsa ya zo ya gan ta, kullum da uzurinsa: yau gwiwa, gobe sanyi. Ta ɗauka nauyin zuciya ne irin na tsofaffi.

"Baba, wai yanke aikinka za su yi. Wani mai hannu kamar na jariri ne ya ce ɗan koyo ya yi shi."

"Ki kula da hanya," kawai ya ce.

A garejin, Averla na tsaye tsirara babu fenti, alminiyam ɗin yana ɗaukar hasken taga. Secondo ya tsaya nesa da ita, hannuwansa a baya. Nives ta lura bai taɓa ta ba, mutumin da ko tukunya ya gani a kasuwa sai ya shafa gefenta. Farfesa ya yi masa bayani da ƙarfi a kunnen da ba ya ji, sannan ya nuna kumburin.

"Maestro, wannan aikin Rostagno ne?"

Tsohon ya daɗe yana kallon wurin.

"Ba aikin Rostagno ba ne," ya ce. "Ku yanke."

Nives ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a fuska. Farfesa ya rufe kwamfutarsa a hankali, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi bai iya ba. Dottore ya sauke ajiyar zuciya ya ce to madalla, ranar Litinin sai a fara.

"Baba, ka duba da kyau."

"Na duba."

"Ba ka duba ba. Matso ka sa hannu."

"Ke, ni za ki koya wa? Na ce a yanke."

Ta san muryar nan. Da ita yake cewa bai sha giya ba ran da ya sha. Kuma ta san ƙarfe, shi da kansa ya koya mata, kuma ƙarfen nan bai taɓa ganin haɗari ba. Sai wani abu ya faɗo mata. Masu bugun bodi na wancan zamani ba a ba su damar sa suna, don haka kowa yana da 'yar alamarsa da yake bugawa da ƙusa a cikin bodi, inda mai gida ba zai leƙa ba. Ta babanta ɗigo uku ce a jere. Tun satin farko ta same ta a cikin ɓangaren dama, ta ɗauki hotonta, ta yi kukanta ita kaɗai. Daga nan ba ta ƙara nema ba. Me za ta nema, tun da ta samu abin da take so?

Ta ɗauki tocila da ɗan madubi da kurfi na kankare ƙarfe, ta kwanta a ƙasa ta shige ƙarƙashin tayar baya ta hagu. Cikin wurin shafe yake da baƙin kwalta na hana tsatsa. Ta shiga kankara, ɓarɓashi na zubo mata a ido da baki.

"Nives, fito daga nan," in ji tsohon.

Ta ci gaba.

"Na ce ki fito!"

A can saman lanƙwasar, daidai bayan kumburin, kurfin ya ci karo da wani ɗan rami. Ta goge da babban yatsa ta haska. Ba ɗigo uku ba ne. Ɗan kifi ne, ƙarami kamar ƙwayar kabewa, an buga shi da kyau har da ido, gefensa kuma lamba 68.

Ta fito fuska baƙi ƙirin, ta miƙa wa Farfesa madubin.

"Kwanta ka gani. Kada ka damu da wandon, Dottore zai saya maka wani."

Ya kwanta kuwa, a yaba masa wannan. Ya fito yana karkaɗe wandonsa. Nives ba ta ko kalle shi ba, babanta take kallo.

"Kifin wa ye?"

Secondo ya juya mata kurman kunnensa. Ta zagaya ta ɗaya gefen.

"Baba, ka tsaya gaban mutane ka ce in sa injin yanka a aikin wani. Ni. Da hannun da ka koya wa aiki. Kifin wa ye?"

"Wani ɗan Sisiliya, daga can kudu," ya ce, kamar mai tofar da ƙashi. "Ɗan masunta. Ya zo da akwatin kwali, ko yaren garin bai iya ba. A lokacin ko ɗaki ba a ba 'yan kudu haya, a soron wani gidan burodi yake kwana. Shi aka ba hagu, ni dama."

"Sai me?"

"Sai me? Akwai ƙirar katako da ake gwada kowane ƙarfe a kai. Doka ce. Shekara goma ina bin katakon nan, ko gashi ba ya shiga tsakaninsa da aikina. Shi kuwa ya kalli zanen ya ce wai wurin nan a mace yake, ya ƙara masa ciki da kansa, ba wanda ya sa shi. Na je na gaya wa shugaban aiki. Aikina ne in faɗa."

"Suka kore shi," in ji Nives.

"Suka kore shi. Saura kwana huɗu baje koli. Babu lokacin sakewa, aka fesa fenti a haka." Babu nadama a muryarsa, sai tsohon fushi da bai huce ba. "Ran da za a jera ta, Rostagno mai kamfanin ya zo da kansa. Ya zagaya ta sau biyu. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ce a juya hagu wajen mutane, dama a bango. Kwana goma sha biyu ina zuwa, da kuɗina nake shiga. Duniya na ta tafa wa kuskuren ɗan masunta, nawa kuma da ya yi daidai yana kallon bango."

Dottore ya sami wani abu mai muhimmanci a kan takalminsa yana dubawa.

Hoton falonsu ya faɗo wa Nives. Hancin motar yana kallon hagu, hasken yana kwance a kan wannan kafaɗar ta baya. Shekara hamsin tana nuna wa ƙawayenta wurin, tana cewa ku ga hannun babana. Ta taɓa marin wata yarinya a makaranta a kansa.

"Kuma ka rataya shi a falo. Ka bar ni ina..."

"Wani hoton ne akwai? Je ki nemo, ke mai bincike. Duk hotunan duniya na hagu ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi kowa sani. Hotuna arba'in da ɗaya ta tara a wata takwas, ba ta taɓa tambayar kanta me ya sa duka gefe ɗaya suke ba. Haushinsa take ji, tana jin na kanta, tana jin na mutumin da ya sa aka jingina aikin babanta da bango bai ko tambayi sunansa ba. Ta juya ga Dottore.

"Ba a yanka komai a garejin nan. In kana son mai yanka, ka zo da babbar mota ka ɗauki abarka yau."

"A'a, a'a, Sinyora, wa ke maganar yanka?" Har idonsa ya fara ƙyalli, ya hango labarin da zai ba alƙalan gasa. Farfesa ma ya buɗe kwamfuta yana cewa dama shi ya yi zargin akwai hannu na biyu.

Nives ta zaro fensir daga aljihun rigar aikinta, ta jawo takardar da za a kai wa mai rubuta allo. Suna ɗaya ne a kai, Secondo Pautasso.

"Sunansa, Baba."

"Na manta."

"Ba ka manta milimita goma sha huɗu ba. Sunansa."

Ya tauna bakinsa. Ya kalli ƙofa, ya kalli motar.

"Gaspare Lentini," ya ce. "Jamus ya tafi. Na ji an ce a masana'antar gwangwani ya ƙare. Ban sani ba ko yana da rai."

Ta rubuta shi a ƙarƙashin na babanta, ta danna fensirin har ya huda takardar. Da ta ɗago, tsohon ba ya wurin. Ya zagaya bayan motar, yana cusa kansa a ɗan tsukin da ke tsakaninta da bangon garejin, lakatayensa na gogar ƙura. Da ƙyar ya shige. Can ya tsaya, ya ɗora tafin hannunsa a kan ɓangaren dama, ya shafa shi a hankali daga ƙofa zuwa wutsiya.

"Ko gashi ba ya shiga," ya ce, ba da kowa ba. Sannan ya ɗago ya dube ta ta saman rufin motar. "Wata takwas tana hannunki, Nives. Ke ma bango kika ba ni."