Ruwan Bagaruwa

Isyaku maginin tukwane ne a Lajawa, kuma taurin kansa ya fi na tulun da yake gasawa. Tun da kwanon sha na kanti ya cika kasuwar Wudil, ɗansa Bilya ya ce shi Kano za shi dakon gyaɗa.

"Tsaya tukuna," in ji Isyaku. Ya taɓa ganin wani daɓe a gidan Bature, yumɓu gasasshe falle-falle, wai shi tayil. "In na fitar da shi lafiya, ka zauna mu yi sana'a."

"To, Baba. In ya fashe kuwa, na tafi."

Isyaku ya gina tanderu mai rufi a bayan gida. Sai dai hannu ya riga ya saba da tukunya: tana ja zur ake zaro ta da sanda, a yayyafa mata ruwan bagaruwa ta yi ƙwari. Haka ya riƙa yi wa tayil. Ita tukunya siririya ce, tana jurewa. Wannan kuwa mai kauri ne, ruwa na taɓa shi sai ƙas! Isyaku ya zagi yumɓu, ya zagi karan hura wuta, kowa ya sha zagi ban da bagaruwa.

Ranar gashin ƙarshe, matarsa Saudatu ta zauna a bakin turmi ta miƙe ƙafa.

"Malam, yau ba na daka bagaruwa. Wallahi bayana ya ƙare."

Isyaku ko ƙarfin faɗa ba shi da shi. Ya bar tayil ɗin a ciki, ya toshe bakin tanderun da laka don kada awaki su ƙone, ya kwanta gindin tsamiya da la'asar. Bilya ya daɗe tsaye yana kallon tsohon yana barci, ƙafafunsa duk faso, baki buɗe. Tausayi ya kama shi. A ransa ya ce Baba ya haƙura ke nan, kunyar faɗa yake ji.

Washegari da hantsi Isyaku ya fasa lakar. Tanderu ya huce da kansa. Ya zaro falle ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙara tas. Ya zaro wani. Ko tsaga babu.

"Bilya! Kai Bilya!"

Saudatu ta leƙo daga ɗaki, idonta jawur.

"Ya bi motar gyaɗa tun da safe. Cewa ya yi kada in tashe ka, ka gaji."