Ranar Yankan Acca a Gonar Baba Eli

Ayyuka uku Meshak yake yi a Kafanchan, kuma ko an haɗa ukun ba su kai albashin masinja ba. Da safe ya loda gawayi a tashar jirgi, da rana ya kwaɓa fulawa a gidan burodi, da yamma ya sare ciyawa a gidan wani likita. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi na Udoji ce, shi dai tsadar kaya kawai ta iso wurinsa. Gajiya ta yi masa katutu har ya daina iya zama. In ya samu benci sai ƙafarsa ta kama rawa, ya miƙe, ya rasa abin da ya miƙe yi.

A garinsu, Fadan Kaje, accar mahaifiyarsa Afiniki ta nuna, ta fara zuba. Dokar gayya kuwa kowa ya san ta: gidan da bai aiko da namiji ya yi yini a gonar wasu ba, babu mai taka tasa gonar. Ranar Asabar za a yi ta Baba Eli, dattijon unguwa. Meshak ya roƙi masu gidansa uku, ya sha baƙar magana uku, ya shiga mota.

Ya tarar maza sun jeru da laujensu, kowa da layinsa, mata a baya suna ɗaure dami.

"Ɗan birni ya iso," in ji Baba Eli. "Hannun naka yana nan dai ko?"

"Yana nan, Baba."

Ya fara da zafi, har ya wuce na kusa da shi. Kafin rana ta take sai yatsunsa suka ƙi riƙe lauje. Ya matsa, suka buɗe. Ya canja hannu, ya yanki iska. Sauran suka yi nisa, layinsa ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar gona. Matan suka sako shi a waƙa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya makara, suna tambaya ko burodi ne ya cinye masa ƙashi. Ya so ya yi dariya, sai ya ji gwiwoyinsa a ƙasa. Tsoro ya kama shi, domin ya san in layin nan bai fita ba, zuwansa ya tashi a banza.

Waƙar ta mutu. Afiniki ta ajiye daminta, ta zo ta kama hannunsa ta juya, ta daɗe tana kallon tafin. Sannan ta zare laujen.

"Mama, mata ba sa yanka," ya ce. "Bari in tashi."

"Zauna."

Ta gyara ɗamara, ta dubi dattijon. "Baba Eli, namijin gidana ya zo, kowa ya gani. Sauran ni zan ƙarasa."

Baba Eli ya sunkuyar da kai, bai ce a'a ba.

Meshak yana zaune cikin kututturen acca, yana kallon tsohuwar da ya tafi birni don ta huta, ta duƙa tana yankan layinsa.