Rubutun Fensir a Takardar Jatau

"Ba zan goge ba," na ce.

Yaya Moussa bai janye hannunsa ba, kilinar na nan a tafinsa. Shi ke jan mana labari a wasan da muke yi kowace Lahadi bayan la'asar, a ɗakin bayan ofishinsa da ke titin Huanshi Lu a Guangzhou, tsakanin kwalayen kayan waya da za a tura Maradi. Kowa da takardar jaruminsa, a jefa ɗan lido mai fuska ashirin, abin da ya fito shi ya faru.

"Ƙanwata, ba shawara nake ba ki ba," ya ce. "Goge, ki rubuta Sara Biyu. Ni na san abin da ke jiran ku a kan gadar nan."

Takardar da ke gabana ba tawa ba ce. Ta Yaya Munkaila ce, wanmu, wanda ya kawo ni Guangzhou karatu. Shekara biyu yana wasa da mayaƙinsa, Jatau Mai Garkuwa. Wata bakwai ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Shisanhang da tsakar rana, yana duba samfurin abaya. Ni na yi tafinta a asibiti, ni na sa hannu a takardu, ban yi kuka a gaban kowa ba. Bayan sadakar arba'in na zo na zauna a kujerarsa, na ce a ba ni Jatau. Ba wanda ya iya ce min a'a.

Yaya Munkaila yana da wata al'ada da ya ɗauko daga kasuwa. Duk kayan da yake da niyyar saye wani zuwan, sai ya sa musu alama da fensir, a hankali, yadda da ƙyar za ka gani. Haka yake yi wa Jatau. Kafin jarumin ya hau mataki na gaba, ya riga ya rubuta dabarar yaƙin da zai zaɓa masa. A layin mataki na takwas akwai rubutunsa, ɗan karkatacce: Tare Sara. Wato idan aka kai wa na kusa da kai sara, ka karɓa a jikinka. Layin ɗaya ne, dabara ɗaya ake ɗauka, kuma ranar ce Jatau ya kai mataki na takwas.

Ma'azu, mai wasa da maharbi, ya jawo takardar ya duba. "Hajiya mai digiri, lissafi ne fa kawai. Jatau jininsa saura kaɗan tun faɗan makon jiya. Da Sara Biyu za ki kashe abin da ke kan gadar kafin ya ɗaga hannu sau uku. Da wannan kuwa, buhun duka kika zama."

"Sakar min takarda."

"Shi kansa Munkaila sau nawa yana gogewa? Ai don haka yake rubutawa da fensir."

"Shi yake gogewa," na ce. "Ka kira shi ya goge."

Amira, wadda ke wasa da mai magani, ta sunkuyar da kai tana juya kofin shayinta. Na san na yi tsauri, ban kuma nemi afuwa ba.

Abin da ba su faɗa ba, kowa ya sani. Dokar teburin nan Yaya Munkaila ne ya kafa ta: a fili ake jefa ɗan lido, kuma jarumin da ya mutu ba ya dawowa. Duk Lahadi, idan Yaya Moussa ya ce "Jatau, naka ne," kujerar nan yake kallo, wani lokacin har bakinsa ya kuɓuce ya ce "Munkaila". A duk garin nan, nan ne kaɗai ake kiran sunan kamar mai shi zai amsa. Idan Jatau ya faɗi, wannan ya ƙare.

Na ɗauki biro. Ban bi ta kan rubutunsa ba, a gefe na sa alamar amincewa.

"Bon," in ji Yaya Moussa da Faransancinsa, ya ajiye kilinar. "Allah ya ba da sa'a."

Abin da ke kan gadar wani ƙato ne na baƙin ƙarfe, da gatari. Kibiyar Ma'azu ta farko ta kuskure. "Meyo," ya ce, kamar yadda masu shago a kasuwar Shahe ke cewa idan babu kaya, amma ba wanda ya yi dariya. Jatau ya kai sara ɗaya, ya samu. Da Sara Biyu ne da na sake kai wani, na ga Ma'azu yana ƙirga hakan a fuskarsa.

Sai ƙaton ya juya kan mai maganin Amira.

"Na tare," na ce.

"Maijidda, bar shi," in ji Amira. "Tawa wata uku kawai ta yi. In ta mutu in yi wata."

"Na tare."

Jinin Jatau ya ragu saura shida. Fensirin da nake rage lambar da shi ma na Yaya Munkaila ne, har da sawun haƙoransa a gindi. Na ji kamar yana tsaye a bayana yana leƙen takardar, yadda yake yi min lokacin da nake haddar haruffan Sinanci. Ban waiwaya ba.

Zagaye na biyu, gatarin ya sake nufar Amira.

"Ba dole ba ne ki yi amfani da ita," Yaya Moussa ya ce a hankali. "Rubutun na nan, ba ki goge ba. Ya isa."

"Bai rubuta don ado ba."

Ya daɗe yana riƙe da ɗan lidon. Sai na ga yana jan hannunsa zuwa bayan kwalin da yake ɓoye takardun labarinsa, inda ba mai ganin abin da ya fito.

"A fili, Yaya."

"Ƙanwata."

"A fili. Ba ni na kafa dokar ba."

Ya jefa a tsakiyar tebur. Ɗan lidon ya gangara ya daki kofin Amira ya tsaya. Sha takwas. Saran ya samu, Jatau ya faɗi.

Ma'azu ne ya ƙarasa ƙaton da kibiya biyu. Mai maganin ta haye gadar da ƙafarta. Yaya Moussa ya buɗe baki zai bayyana yadda Jatau ya faɗi, sai ya fasa, ya ce kawai a tashi a yi magariba.

Har yanzu ina zuwa ranar Lahadi. Na yi sabuwar jaruma mai mashi, na rubuta ta da biro tun daga farko har ƙarshe. Tana da Sara Biyu, kuma ba ta taɓa faɗuwa ba. Takardar Jatau na cikin leda a ƙasan akwatina, kalmomin nan biyu na nan yadda ya bar su. Da za a sake miƙo min kilinar ba zan karɓa ba. Amma tun ranar bakin Yaya Moussa bai ƙara kuɓucewa ba. Na riƙe rubutun yayana, na rasa wurin ƙarshe da ake kiran sunansa.