Ɗalyaniyar Ƙasimu

"Fito da kanka daga cikin motar mutane," in ji Iyatu.

Khalilu ya ɗago daga ƙarƙashin murfin inji, sifana a hannu ɗaya, ɗayan yana tattare da farar jallabiyarsa kada ta taɓa baƙin mai. Ya yi mata murmushin nan nasa na masu zuwa gaida mara lafiya.

"Khala Iyatu, sannu da rana. Aro ne. Na tambayi Baba Ƙasimu, ya yarda."

"Ya yarda. Mutumin da kofin ruwa ke faɗuwa daga hannunsa, shi ka je ka tsaya wa a ka har ya yarda. Me ka ciro?"

"Ɗurumba ce kawai, mai tura banzin zuwa inji. Gobe ko jibi in dawo da ita, wallah."

"Fitilar da ka ara da azumi fa? Jibinta bai yi ba tukuna?"

Ya naɗe abin a jarida, ya rufe murfin a hankali, ya nufi tasa motar da ya ajiye a bakin lungu. Iri ɗaya ce da ta Ƙasimu sak, sai dai tasa fara ce, ta Ƙasimu koriya, kuma wata tsaga ta ratsa gilashin gaban tasa tun daga sama har ƙasa. Ya tayar da ita, ƙarar ta cika layin, ya tafi. Iyatu ta tsaya da tiren gyaɗarta a ka tana binsa da ido har ya sha kwana.

Kada wani ya ɗauka son motar take yi. Shekara da shekaru babu abin da Iyatu ta zaga a Harra ta Gabas, unguwarsu a Madina, kamar motar nan. Kullum aka idar da sallar asuba Ƙasimu sai ya yaye tamfol ya tayar da ita, ta yi ta gurnani a gindin tagar Iyatu har kwanukanta su riƙa kaɗawa a saman kantar ɗakinta. Ta leƙo ta ce, "Direba, Allah ya kawo ranar da zan ga gawar abin nan." Shi kuma ya ce, "Amin, Yaya Iyatu, bayan tawa." Haka suke tun suna matasa, tun a bayan babbar motar da ta ratso da su Sudan, ita da mijinta, shi da buhun tsummokaransa. Mijin ya rasu, ta zauna tana soya gyaɗa tana kaiwa hanyar Harami. Shi ya zama direban gidan wani attajiri.

Sunan motar na ainihi babu mai iya faɗinsa a layin, sai aka riƙa ce mata Ɗalyaniya, don daga Italiya take. Ƙofa biyu gare ta, ga ta a ƙasa kamar ta durƙusa, har sai da Ƙasimu ya bi lungun yana tone baƙaƙen duwatsun Harra ɗaya bayan ɗaya don kada cikinta ya goga. Ɗan maigidansa ne ya sayo ta sabuwa. Labarinta kuwa, Iyatu ta ji shi har ya ginshe ta. Wai wani tsoho ne da 'ya'yansa ke ƙera su da hannu, don tsere suka fara, ba su yi da yawa ba. Da mai ya yi tsada a ƙasashen Turawa bayan yaƙin nan na watan azumi, mutanensu suka daina sayen mota mai shan banzin kamar raƙumi, tsohon ya rufe ƙofar masana'antarsa, shi ke nan. Daga ranar ko ƙusa ɗaya ba a ƙara ƙerawa ba. Ɗan maigidan da ya ga kayanta sun gagara, sai ya miƙa wa Ƙasimu mabuɗi ya ce ya je ya ji da ita.

Masu irinta a ƙasar nan kaɗan ne, kuma duk sun san juna. Ta Ɗa'if ta ƙone. Ta Jidda wata babbar mota ta hau ta, kafin a kwashe ɓaraguzanta masu sauran sun riga sun isa da sifanoninsu. Haka suke rayuwa, kowa na addu'ar ta ɗan'uwansa ta riga tasa mutuwa. Khalilu ɗan kwangila ne daga Al-Khalidiyya, jikan Kanawa, haifaffen Madina, ya sayi tasa ne don a gan shi. Da Ƙasimu na da lafiya sukan zauna a kan tabarma su sha shayi suna maganar inji. Da ciwon hanta ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura, ziyarar Khalilu ta ƙaru. Ya zo da kwalin dabino, ya tafi da fitila. Ya zo da lemo, ya tafi da madubin gefe.

Iyatu ta sauke tiren ta shiga gidan ba sallama. Ƙaltume, matar Ƙasimu, tana zaune tana yi masa fifita, don na'urar sanyin tasu ta fi ƙara da aiki.

"Kai ka ba shi?"

Ƙasimu ya buɗe ido. Farin idon ya koma ruwan ɗorawa. "Ya ce tasa na tsayawa a hanya."

"Ta tsaya mana. Uwarsa ce ta haife ka?"

"Yaya Iyatu, mu biyu muka rage. In ban ba shi ba, wa zai ba shi?"

"Kai ya ba ka me? Dabinon da likita ya hana ka ci?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ba ɗurumba yake nema ba, ita ana iya haɗa ta wata motar a lallaɓa. Gilashin yake so. Shi ne babu a duniya, lanƙwasarsa daban ce. Ya aika har Italiya bai samu ba." Ya ɗaga ido ya dubi rufi. "Ni dai so nake a fita da ni sau ɗaya. Usmanu ɗan ƙanena ya tuƙa, mu kama hanyar Uhudu, in ji ta buɗe murya. Ki ce wa Khalilu ya dawo da ɗurumbar kafin Juma'a."

Ta je. Ta hau tasi da kuɗin gyaɗarta har Al-Khalidiyya, mai gadi ya ce maigida na Yanbu, alhali ga farar motar tana hangowa ta ƙasan ƙyaure. Ta dawo ta wuce wurin umda, mai unguwarsu, ta tsaya a ƙofar ofishinsa ta zayyana masa komai, fitila, madubi, ɗurumba.

"Ya Hajiya, an yi sata ne?" in ji umda.

"An yi."

"Mai motar ya ce sata ce?"

"Mai motar mutuwa yake yi, ba shi da lokacin cewa."

"To aro ne tsakanin maza. Ke mece ce a wurinsa?"

"Maƙwabciya."

Umda ya buɗe tafin hannuwansa, ya ce a ba ta ruwa ta sha. Ta ce ya riƙe ruwansa.

Ranar Alhamis da hantsi Ƙasimu ya ce a ɗaga shi. Usmanu, ɗan ƙanensa, ma'aikacin gidan waya, wanda ke jin Hausa amma ba ya mayarwa sai da Larabci, ya rungumo shi kamar jariri ya fito da shi. Aka yaye tamfol. Suka sha wahala kafin kumburarrun ƙafafun su shiga ƙarƙashin sitiyari. Ƙasimu ya zauna yana haki, ya shafa fatar kujera, ya gyara zaman hularsa. Ya murɗa mabuɗi.

Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake. Mata suka fara leƙowa daga ƙofofi. A karo na gaba juyin ya fara ja da ƙyar, sai ya saki mabuɗin.

"Bai kawo ba," ya ce. Ba tambaya yake ba.

"Ma jab shai, ya ammi," in ji Usmanu, wato bai kawo komai ba.

Ƙasimu ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, yana kallon ƙarshen lungu ta cikin gilashin da ya goge shekara da shekaru da tsohon rawani. Rana ta fara dukan motar. Ƙaltume ta ce a shigo da shi, ya ce a bar shi kaɗan. Iyatu na tsaye a gefe, haƙoranta a cije. Ya juyo ya dube ta.

"Yau kin samu abin da kike so, Yaya. Ta yi shiru."

"Rufe mini baki," ta ce, ta juya ta shige gidanta.

Washegari, rana ta ɗan ɗaga, kukan Ƙaltume ya tsallako katanga.

Kafin a gama wanka Khalilu ya iso. Daga Yanbu ɗin. Ya rungumi Usmanu, ya share ido da gefen gutura, ƙyallen da ya yafa a ka, ya faɗi duk abin da ake faɗi. Iyatu na bayan labulen zaure tana tankaɗe garin da za a yi wa baƙi abinci, ta ji su sarai. Larabci suke yi, amma shekarunta a bakin Harami ba a banza suka wuce ba. Khalilu ya ce marigayi ya yi masa alkawarin motar. Ya ce ba ta tashi ma, ƙarfe ne kawai zai tare musu hanya, bayan kwanakin zaman makoki zai turo a ja ta. Usmanu ya ce, "Ɗayyib," wato to. Ta ɗaga labulen kaɗan. Khalilu na tsaye jikin koriyar motar, ya ɗage gefen tamfol, yana shafa gilashin da tafin hannu, gawar mai ita na kwance a ɗaki ba a ko ɗaure likkafani ba.

Maza suka ɗauki makara suka nufi Harami don a sallace shi bayan Juma'a a wuce da shi maƙabartar Baƙi'a. Mata ba sa bi. Layin ya zama nasu su kaɗai, da rana, da motoci biyu.

Iyatu ta shiga ɗakin Ƙaltume, ta ratsa matan da ke zaune, ta durƙusa a gabanta.

"Zai turo a ja ta. Gilashin yake so."

Ƙaltume ta ɗago. Mace ce da ba a taɓa jin muryarta a waje ba.

"Ba mu haihu ba," ta ce. "Malam ya ce rubu'in abin da ya bari nawa ne."

"Haka ne."

"To gilashin na cikin rubu'ina. Ki yi abin da kika ga dama da shi."

A bakin lungu akwai tsibin duwatsun da Ƙasimu ya tone tun shekarun baya. Iyatu ta zaɓi wanda hannuwanta biyu za su iya ɗagawa, baƙi, mai ramuka, ya sha rana har yana ƙona fata. Ta ja tamfol ya zube ƙasa. Wata maƙwabciya, Hajo, ta biyo ta da gudu-gudu.

"Iyatu, in fashi za ki yi, ga ta Khalilu can."

"Tasa a fashe take tuntuni. Ya je ya tsufa yana leƙen hanya ta cikin tsaga."

Bugun farko dutsen ya zame, ya bar farin tabo kawai. Ta ce Hajo ta kawo mata turmi. Ta kife shi, ta hau, ta ɗaga dutsen sama da kanta ta sake shi da duk nauyinta. Gilashin ya yi ƙara, tsaga ta bazu ko'ina, amma bai zube ba. Ta ɗauko ta ƙara. Ta ƙara. Tana bugu tana kiran abubuwa da sunansu, fitila, madubi, ɗurumba, dabino. Sai da ya lotsa ya kwanta a kan sitiyari sannan ta sauko, mayafinta ya jiƙe sharkaf. Daga nesa ana jin huɗuba ta lasifika.

Da maza suka dawo da ƙurar Baƙi'a a ƙafafunsu, Iyatu na zaune a kan turmin, a inuwar katanga. Khalilu ne ya fara gani. Ya tsaya cak, sannan ya matso a hankali, ya sa yatsa ya taɓa gefen da ya rage a jikin roba.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Khala, kin san abin da kika yi? Babu irinsa. Ko'ina babu."

"Na sani. Mai shi ya gaya mini."

"Marigayi ya yi mini alkawari..."

"Jiya ya zauna a kujerar nan yana murɗa mabuɗi, kana Yanbu. Ka je ka gaya wa umda. Ka ce masa aro ne tsakanin mata."

Ya juya wurin Usmanu yana magana da sauri da Larabci. Usmanu ya dubi motar, ya dubi ƙofar ɗakin matar baffansa, wadda aka buɗe kaɗan. Ya buɗe baki, kuma a karon farko da Iyatu ta taɓa ji, Hausa ta fito, a karkace.

"Ka kawo ɗurumba. Da fitila."

Dattawan layin na tsaye suna kallo. Khalilu ya gyara guturarsa, ya taka zuwa farar motarsa. Bai zauna makoki ba.

Bayan magariba aka jera kujeru a lungu, aka kunna fitilu, aka fara zagayawa da gahawa. An mayar da tamfol, ya ɗan lotsa a gaba inda babu abin da zai tare shi. Iyatu na zaune a dokin ƙofarta, ta juya tafin hannunta wajen haske, tana tone wani ɗan siririn gilashi da bakin allura.